Takalman Mai Lambu

Ranar da labarin ya iso mata, Inna tana tsugune a bakin rariya tana dirzar wuyan rigar aikin mijinta Mai Lambu, koriyar nan da hukuma ta ba shi tun zamanin da hukuma ke ba da riga. Hantsi bai gama ɗagawa ba. Sai ga Mai Shara, abokiyar aikinsa, ta faɗo gidan ko sallama babu, takalman roba baƙaƙe a hannu guda, bokiti a ɗaya hannun.

Inna ta dubi takalman, ta dubi bokitin. Shekara talatin da huɗu Mai Lambu yana fita daga gidan nan da sassafe, bai taɓa dawowa ba takalmi ba, takalmin kuma bai taɓa dawowa shi kaɗai ba.

"Yaya," in ji Mai Shara, "sai haƙuri."

"Ina mai su?"

"An tafi da shi asibiti. Amma tun a lambu ya cika. A gindin dashen nan na bayan lilo na tarar da shi, ya jingina da katanga kamar mai hutawa. Har na ce masa, yau kuma lalaci? Bai amsa ba."

Inna ta matse rigar, ta kaɗe ta, ta shanya a igiya. Sannan ta juyo.

"Ya gama ba su ruwa?"

"Tara ya ba. A na goma ya tsaya."

"To."

Sai da ta ce "to" ɗin nan sannan ta zauna a ƙasa, a bakin rariyar.

Kwana uku bayan haka hukumar unguwa ta aiko a yi mata gaisuwa. Mutum huɗu suka zo a mota, jagoransu jami'in kula da lambuna, wanda ma'aikata ke kira Mai Fayil don ba a taɓa ganin hammatarsa babu fayil ba. Ya buɗe takarda ya karanta cewa hukuma ta yi rashin gwarzo, jajirtacce, abin koyi. Sau biyu yana tsayawa ya leƙa wata takardar don ya tuna wanda ya mutu. Da ya gama, ya gyara murya ya ce, ba don lokaci ne da ya dace ba, amma ko an ga makullin sito, da baro, da bokitin hukuma?

"Makulli ga shi," in ji Inna. "Baro yana sito, sai dai ba taya, tana cikin fayil ɗinka tun shekara shida. Bokiti kuwa nawa ne, ranka ya daɗe. Na hukuma ya huje tun kana makaranta."

Mai Fayil ya rubuta wani abu, ya sake cewa Allah ya jiƙan gwarzo, suka shiga mota.

Lambunan shaƙatawa uku hukumar take da su, kuma Inna ta san tarihinsu fiye da duk wata takarda, don a tsakar gidanta ake karanta shi kullum da yamma, Mai Lambu yana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi yana ba da labari. Akwai na bayan tasha, wanda aka buɗe da almakashi da kiɗa, yanzu direbobi ke kwana da motocinsu a kan ciyawar da babu. Akwai na kusa da makaranta, mai banɗaki ɗaki huɗu, farin fenti, kulle shekara goma sha biyu, saboda jami'in da ke riƙe da makullin an yi masa canjin wurin aiki ya tafi da shi a aljihu. Sai Babban Lambu, inda Mai Lambu ya ƙare rayuwarsa.

Juji ne a da. Shi da jaki biyu na haya suka kwashe shi. Duk itacen da ke wurin, da tsamiya da mangwaro da maɗaci, a gwangwanin madara ya fara rayuwa a bayan ɗakin Inna. Hukuma ita ma ta yi nata ƙoƙarin, kada a ci haƙƙinta. Ta kawo benci takwas. Ta kawo lilo mai mazauni huɗu, saura ɗaya. Ta kawo abin zamewa na ƙarfe don yara, ta kafa shi a tsakiyar rana, ta yadda daga hantsi zuwa la'asar duk yaron da ya hau sai ya sauko da kuka, riƙe da ɗuwawu. Sannan ta gina wani ƙaton kifin siminti a tsakiyar kwatami, wai zai riƙa feso ruwa ta baki. Ya feso kuwa, sau ɗaya, ranar buɗewa. Mai Lambu ne a kwance a bayan furanni da tiyo da duro, yana tura ruwa da famfon hannu har manyan baƙi suka gama tafi. Tun daga ranar kifin yake hamma.

Saboda abin zamewan nan ne ya yi dashensa na ƙarshe. Itace goma sha ɗaya a jere, bayan lilo, jikin katanga.

"In suka girma," yake ce mata, "ƙarfen zai kwana a inuwa ya wuni a inuwa. Rani biyu kawai nake roƙo. In suka ci rani biyu, sun kama ƙasa, ba sa bukatar kowa."

Famfon lambun sau biyu yake kawo ruwa a mako, in ya ga dama. Don haka Mai Lambu yana da tasa dabarar, wadda ya koya wurin wani tsoho tun yana saurayi. Kusa da kowane dashe yakan binne tulun ƙasa har wuya, wanda ba a yi masa ado ko shafe ba, ya rufe bakin da faffaɗan dutse, ya watsa ƙasa da ganye a kai don kada yara su cika shi da tsakuwa. Da safe ya ɗaga dutsen, ya zuba rabin bokiti, ya mayar. Tulun ya yi ta tsattsafo da ruwa a hankali cikin ƙasa, saiwa ta zo ta rungume shi tana tsotsa. Rana ba ta samun ko ɗigo. Inna ce ke zuwa sayo tulunan, tana ƙwanƙwasa su da ɗan yatsa don jin mai tsaga. Sau nawa ta ji yana faɗa, har ta haddace kamar karatu: "Ƙafa biyu daga gindi, ta wajen fitowar rana."

Rani ɗaya suka ci a hannunsa. Ya rasu ana saura kwanaki ruwa ya sauka, sai damina ta karɓi aikin. Inna ta yi watanni ba ta taka ko bakin layi ba. 'Yarta Auta ta dawo gidan da zama don kada ta bar ta ita kaɗai. Takalman kuwa suna bayan ƙofa inda Mai Shara ta ajiye su, ba wanda ya ce a ɗauke.

Rani ya sake shigowa, ya yi nisa, sai Mai Shara ta sake zuwa. Wannan karon ta yi sallama.

"Yaya, ni dai kullum da mugun labari nake zuwa gidan nan, har kunya nake ji."

"Wanda zai mutu ya riga ya mutu. Faɗi."

"Za su sare dashen."

Ashe tun ƙarshen damina hukuma ta tashi gyaran Babban Lambu. Aka ba ɗan kwangila. Ya zubo yashi, ya malala siminti daga lilo har katanga, sumul kamar tsakar ɗakin amarya. Kowane itace aka bar masa ɗan zagaye kamar bakin faranti, ya shaƙi iska. Tulunan duk suna ƙarƙashi.

"Ke ba ki faɗa musu ba?"

"Na faɗa wa shugaban leburori. Ya ce ashe yanzu da tsintsiya ake karanta aikin injiniya. Na ce Allah ya ba da haƙuri."

Yanzu ganye ya zube, rassa sun yi fari. An ɗauki sabon mai ba da ruwa, yana fesa tiyo a kan siminti ran da famfo ya kawo, ruwan ya gangara ya tafi kwata abinsa. Mai Fayil ya zo ya duba, ya ce cuta ce ta kama su. Ranar Alhamis mai zarto zai zo. An riga an kawo abin da za a kafa a madadinsu, yana sito.

"Mene ne?"

"Dabino, Yaya. Na roba. Da fitilu a jiki, ja da shuɗi."

Washegari Litinin Inna ta yafa mayafi ta fita. Ta fara biyawa ta lambun. A bakin ƙofa an kafa sabon allo, dogo, mai gilashi, an rubuta Tarihin Babban Lambu. Aji uku ta yi a makaranta, don haka da yatsa ta bi shi, harafi harafi, tana motsa baki. Allon ya ce wurin nan asalinsa fili ne mai ni'ima. Ya ce Ciyaman na farko ya dasa itace ɗari biyu da hannunsa mai albarka. Inna ta tuna Ciyaman na farko. Ɗaya ya dasa, da safar hannu, aka ɗauki hoto, kuma a juye ya sa shi, sai da Mai Lambu ya tone ya gyara bayan an watse. A ƙasa an jera kayan more rayuwa: wurin wasan yara na zamani, banɗaki, maɓuɓɓugar ruwa mai siffar kifi. Ta leƙa ta ƙofa. Kifin an yi masa fenti ruwan zinariya, yana nan yana hamma.

Ta karanta har ƙarshe ba ta ga mijinta ba. Ba ta yi mamaki ba, kura da shan bugu gardi da karɓar tafi. Suna a allo ba ya yi wa yaro inuwa. Ta wuce ciki ta tsaya gaban dashen. Sun tsaya a jere cikin siminti kamar marasa lafiya a layin asibiti. Ta ƙirga zuwa na goma, inda mijinta ya cika, ta dafa shi, ta sauke hannu da sauri.

Ofishin Mai Fayil yana hawa na biyu, ƙarshen baranda. Fanka tana juyawa a sama tana kaɗa takardu, an danne kowane tsibi da dutse. A kan taga akwai fure a kasko, na roba, ya sha ƙura. Sai da ta yi awa biyu a benci kafin a ce ta shiga.

"A'a, Mama! Matar gwarzonmu. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Ranka ya daɗe, itatuwan nan ba cuta ke damunsu ba. Ƙishirwa ce. Akwai tulu a gindin kowanne, kun rufe da siminti. A fasa bakin tulun kawai, ni zan riƙa zuba ruwan."

Ya yi murmushi irin na likita ga mai taɓin hankali. Ya jawo fayil, ya lashi yatsa, ya buɗe.

"Benci takwas. Lilo ɗaya. Kifi ɗaya. Itatuwa, ga su. Mama, ban ga tulu ba."

"A ƙasa yake, ba a takarda ba."

"To ai abin da ba ya cikin fayil, a wurin hukuma babu shi."

"Ashe ni ma babu ni. Shi ya sa na yi awa biyu a waje ba a gan ni ba."

"Mama, ki fahimta. Masana sun duba. Kuma dabinon da muka kawo ba ya son ruwa, ba ya zubar da ganye, ba ya mutuwa."

"Haka ne. Wanda bai taɓa rai ba ina zai mutu? Yaran fa, a inuwar fitila za su zauna?"

"Za a duba wannan a mataki na gaba." Ya rufe fayil. "Simintin nan dukiyar hukuma ce. Ba a taɓa shi sai da izini, izini kuma sai kwamiti ya zauna."

"Yaushe zai zauna?"

"Bayan bikin buɗewa."

"Sarewar kuma ranar Alhamis."

"Kin ga ai kin gane tsarin," in ji shi, ya miƙe ya buɗe mata ƙofa da ladabi.

Ranar Talata ta wuni tana juya maganar. Ranar Laraba da safe ta ɗauko gudumar Mai Lambu daga ƙarƙashin gado, da guntun ƙarfen da yake fasa dutse da shi, ta sa a bokiti.

"Inna, ina za ki da guduma?" in ji Auta.

"Zaman kwamiti."

Maigadin lambun tsohon abokin mijinta ne, tare aka ɗauke su aiki. Ya ga bokiti, ya ga abin da ke ciki, ya ɗaga kai yana kallon tsuntsaye.

"Matar abokina, ni ban ga komai ba. Idona ya daɗe da lalacewa, yana cikin rahoto."

Ta je gindin na farko. Ta dubi inda rana ke fitowa, ta jingina diddige da itacen, ta jera ƙafa biyu, ta yi alama da gawayi. Ta durƙusa ta fara bugu. Ɗan kwangila, Allah ya saka masa, bai cika siminti a kwaɓin ba, yashi ya fi yawa, don haka aikin bai gagare ta ba. Duk da haka sai da tafin hannunta ya yi bororo kafin ta huda. Ta tona yashi da yatsu. Ƙasa. Ta ƙara tonawa. Ƙasa, da wata saiwa siririya busasshiya.

Ta koma na biyu. Ƙafa biyu, gawayi, guduma. Ƙasa.

Tana kan na uku inuwa ta rufe ta. Mai Fayil ne, da shugaban leburori a bayansa, wani ya kai musu labari.

"Mama, ina tulun?"

Ta ci gaba da tona yashi.

"A'a, nuna mana mana. Mu ma mu sa a fayil." Ya leƙa ramin farko, ya leƙa na biyu. "Ko ya ƙaura ne? Tulu mai ƙafa?"

Leburori suka yi dariya. Mai Shara tana can nesa ta sunkuyar da kai tana share wuri guda.

"Don darajar marigayi," in ji Mai Fayil, murya ta canja, "yau na yafe. Baƙin ciki yana sa mutum ya ga abin da babu. Amma in kika sake taka lambun nan da guduma, 'yan sanda za su yi miki bayani. Maigadi! Matar nan kada ta sake shigowa ta ƙofar nan. Ka ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Ta ƙofar nan."

Inna ta koma gida da bokiti yana bugun ƙafarta. Ba dariyar leburori ce ta dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, ko dai ita ce ta manta? Shekara talatin da huɗu mutum yana faɗa maka magana guda, ya mutu bai cika shekara ba ka kasa riƙe ta? Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, hannu a cinya, ko mayafi ba ta cire ba.

Auta tana shara da la'asar. Ta zo bayan ƙofa, ta ɗaga takalman don ta share ƙarƙashinsu, ta tsaya tana juya su.

"Kai, Baba da ƙafa! Wannan ai kwalekwale ne. Inna, kin tuna da nake zura ƙafafuna biyu a guda ɗaya ina tsalle?"

Inna ta ɗago kai.

"Kawo nan."

Ta ajiye takalmin a ƙasa, ta ajiye ƙafarta a gefensa. Yatsunta ko kusa da inda nasa ke farawa ba su kai ba. Ta daɗe tana kallo. Sai ta yi dariya, irin wadda ba ta yi ba tun ranar da aka kawo su, dariyar ta juye ta zama wani abu, Auta ta yar da tsintsiya ta riƙe ta.

"Mutumin nan," in ji Inna tana share ido da gefen mayafi, "shekara talatin da huɗu yana cewa ƙafa biyu, ko sau ɗaya bai ce ƙafar wa ba."

Alhamis da sassafe ta iso bakin lambun, bokiti cike da ruwa a ka, guduma da takalma a ƙullin zane. Maigadi ya tare ƙofa da sandarsa.

"An ce kada ki shiga ta ƙofar nan, kuma ni mai bin doka ne." Ya soshi gemu. "Katangar baya kuwa, wadda ta rushe shekara tara, awaki ke shiga ta nan, ba a ba ni gadinta ba. Ba ta cikin fayil."

Ta zagaya ta bi hanyar awaki.

Lambun ya fara cika. Ga masu motsa jiki suna zagaye kifi, ga tsofaffi uku da kullum suke kan benci guda suna gyara duniya, ga mata sun biyo da yara kafin ƙarfe ya yi zafi. Inna ta wuce na farko, ta wuce na biyu da ramukan jiya da aka toshe da sabon kwaɓi. Na goma ta nufa. Ta jingina diddigen takalmi da gindinsa ta wajen fitowar rana, ta ɗora ɗayan a gabansa, ta zana gawayi a bakin yatsu. Ta ɗaga guduma.

Tana tsakiyar bugu motar hukuma ta tsaya. Mai Fayil ya sauko, da mai zarto ɗauke da injinsa a kafaɗa.

"Ke kuma? Maigadi! Ba na ce..."

"Ta ƙofa ba ta shiga ba, ranka ya daɗe. Ina nan tun asuba."

"Mama, ajiye gudumar nan. Na rantse yau sai..."

Ta sake bugawa. Ƙarar ta canja. Ba irin ta jiya ba ce mai mutuwa a ƙasa, wannan ta amsa daga ciki, kamar an ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da ba kowa. Ta yar da guduma ta share yashi da hannu biyu. Faffaɗan dutse ya fito. Ta sa ƙarfe ta ɓanɓare shi.

Bakin tulu, baƙi, zagayayye. Ta ma gane shi, mai ɗan karkataccen wuya ne, wanda ta yi ta ciniki a kansa. Fararen saiwoyi sun naɗe wuyan kamar yatsu.

Ta jawo bokiti ta tuntsura rabi. Tulun ya yi ƙugi yana haɗiya, kowa ya ji.

Mutane sun riga sun zagaye su. Masu motsa jiki sun daina motsi, sun ciro wayoyi, biyar ko shida, duk sun saita su a kan Mai Fayil. Shi kuwa akwai abin da yake tsoro a duniya fiye da kwamiti, shi ne waya a tsaye. Ya dubi tulu, ya dubi wayoyi, ya gyara zaman fayil a hammata.

"To, kamar yadda kuke gani," in ji shi da muryar taro, "wannan wata dabara ce ta ban ruwa da sashenmu ya daɗe yana nazari a kanta."

"Allah ya ƙara basira," in ji ɗaya daga cikin tsofaffin benci. "Jiya ma mun ga kuna nazarin."

Mai zarto ya matso. Ya ajiye injinsa, ya ciro 'yar wuƙa, ya kankare ɓawon na goma kaɗan. Kore ne a ciki, ɗanye.

"Oga, takardata cewa ta yi busassun itatuwa. Wannan da ransa. In na yanka mai rai, ni za a tuhuma, ba kai ba." Ya miƙa masa takardar. "Ga shi, kai ka sa hannu."

Mai Fayil ya karanta rubutun kansa, ya ninke takardar ya tura cikin fayil.

Haka suka bi layin, mai zarto a gaba da wuƙa, Inna a baya da takalma, Maigadi ya karɓi guduma, idonsa ya warke. Duk inda ta zana gawayi, tulu na nan. Mai Shara ta yi ta jigilar ruwa daga gidan da ke tsallaken titi. Bakwai aka samu da kore a ciki. Huɗu sun riga sun tafi, na uku da na biyar da na shida da na goma sha ɗaya, wuƙa ta shiga ta fito da gari. Waɗannan mai zarto ya yanke, kowanne bugu ɗaya, don ba su fi kaurin hannu ba. Inna ta tsaya ta kalla har ya gama. Na goma sha ɗaya ne ya fi yi mata ciwo. Shi ne wanda Mai Lambu bai kai gare shi ba ranar da ya rasu.

An yi bikin buɗewa bayan mako biyu. Ciyaman ya yanka ƙyalle, kifi bai feso ba don ba a samu mai kwanciya a bayan furanni ba. A gurbin huɗun nan aka kafa dabinon roba, suna walƙiya ja da shuɗi in akwai wuta. Sabon mai ba da ruwa yana fesa musu tiyo ran da famfo ya kawo, tunda takardarsa itace goma sha ɗaya ta ce. An ƙara layi guda a ƙasan allon tarihi, Inna ta bi shi da yatsa: hukuma ta ƙirƙiro sabuwar fasahar ban ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, irinta ta farko.

"Sun kyauta," ta ce wa Maigadi. "Da ya ji da ya yi murna. Bai taɓa sanin shi hukuma ba ne."

Bakwai ɗin sun yi toho kafin wata ya ƙare. Sun ci raninsu na biyu, sun ci na uku. Yanzu inuwarsu ta kai rabin abin zamewa, yaro yana farawa da kuka a sama ya ƙare da dariya a ƙasa. Auta tana ta faɗa mata sun kama ƙasa, Baba da kansa ya ce rani biyu ne kawai, ta huta haka nan. Inna takan ce ta ji.

Amma kullum da sassafe, kafin masu motsa jiki su zo, tana ɗaukar bokitinta ta fita. An daɗe da janye dokar ƙofa, ita dai ta saba da hanyar awaki. Takan wuce na ɗaya, ta wuce na biyu, ta bi layin har can kusa da ƙarshe. Daga na goma take farawa.